Mira, tauraruwar da take ɓacewa ta dawo duk wata 11

A kakar 2019, bayan ruwa ya ɗauke kuma ƙurar hunturu ba ta riga ta sauko ba, na hau saman soron gidanmu da ke gindin Dala tare da ɗan ƙanwata. An ɗauke wuta a daren, sama ta washe. Na nuna masa Kaza da 'Ya'yanta, sannan na ja hannunsa zuwa kudu maso yamma, inda wata tauraruwa mai ɗan ja-ja take zaune ita kaɗai. Na ce ya riƙe wurin da kyau. A watan Fabrairu muka sake hawa, muka nemi wurin, taurarin da ke kewaye da ita duk suna nan, ita kuwa ko alamarta. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ko dai ta faɗo ne?"

Ba ta faɗo ba. Sunanta Mira, kuma wannan ɓacewa da dawowa ɗabi'arta ce da mutane suke rubutawa fiye da shekara 400. Tana ɗaukar kwana 332 kafin ta kammala zagaye ɗaya, daga cikar haske zuwa wata cikar. Wanda ya saba da lissafin watan Musulunci zai kama abin nan take. Shekarar Hijira kwana 354 ce, shi ya sa azumi yake matsowa da kwana 11 duk shekara. Ita Mira da kwana 33 take matsowa, don haka cikar haskenta takan faɗo a hunturu, ta koma kaka, ta koma damina, har ta shiga watannin da take kusa da rana a sama, ba mai iya ganinta. Sai bayan kusan shekara 10 take komowa lokacin da ta faro.

Wanda ya fara rubuta labarinta wani limamin coci ne a arewacin Jamus, David Fabricius, ranar 3 ga Agusta 1596. A lissafin tarihin sarakunan Kano, zamanin Sarki Muhammadu Zaki ke nan, kusan shekara 100 bayan Rumfa. Ba a ƙirƙiro na'urar hangen nesa ba tukuna, da ido tsirara ya gan ta. Zuwa Oktoba ta ɓace masa, sai ya ɗauka irin taurarin nan ne da sukan ɓullo sau ɗaya su mutu. A 1609 ya sake ganinta. Sai a 1638 wani mutumin ƙasar Holan, Johannes Holwarda, ya gano cewa tana da ƙa'ida, wata 11 take yi. Johannes Hevelius ne ya raɗa mata suna a 1662, Mira, wato abar al'ajabi da harshen Latin. A wancan zamani malaman Turai suna kan koyarwar Aristo cewa taurarin sama ba sa sauyawa. Ga tauraruwa tana kunnuwa tana mutuwa kamar fitilar da iska ke kaɗawa, amma da lissafi. Ita ce ta farko da aka tabbatar tana yin haka a kan ƙa'ida. Yau an san dubban irinta, kuma da sunanta ake kiran dangin duka.

Kafin a fahimci dalilin ɓacewarta sai an san wace iri ce. Masana suna kiran irinta jar ƙatuwa, kuma kalmomin biyu kowace da hujjarta.

Jan nata, maƙeri ya fi kowa saninsa. Ƙarfe idan ya shiga wuta yakan fara da ja mai duhu, ana zuga yana komawa ruwan goro, sannan ɗorawa, har ya yi fari fat. Jan shi ne matakin da zafi bai kai ba. Haka taurari suke. Fuskar ranarmu tana da zafin kusan digiri 5,500 a ma'aunin Salsiyas, shi ya sa haskenta fari ne. Fuskar Mira ba ta kai 3,000 ba. Wannan zai narkar da ƙarfe, wanda ke narkewa a 1,538, amma a cikin taurari ita mai sanyin jiki ce.

Girman kuwa shi ne ke da wuyar shiga kai. Faɗin rana ya ninka na duniya sau 109. Faɗin Mira ya ninka na rana tsakanin sau 330 da sau 400, gwargwadon inda take a zagayenta. Da za a ɗauke rana a ajiye ta a gurbinta, da ta haɗiye duniyoyin Uɗarid da Zuhura da duniyarmu, gefenta ya kai hanyar da duniyar Mirrik ke bi. Idan ka ɗauki rana a matsayin lemon zaƙi guda, Mira za ta zama ƙwallo mai tsawon bene hawa bakwai ko takwas. Amma nauyinta kaɗan ya ɗara na rana. Wato kusan kayan rana ɗaya ne aka baza a wurin da zai ci rana miliyan 40. Idan aka raba nauyin a kan girman, jikinta ya fi iskar da muke shaƙa sakayau fiye da sau 20,000. Girma ne irin na audugar da aka shiɓe, ga cika ido, ba nauyi.

Tsufa ne ya kai ta nan. Tauraro yana rayuwa ne a kan kokawar abu biyu. Nauyinsa yana jan komai zuwa tsakiya, zafin da ke fitowa daga tsakiya yana tura komai waje. Zafin yana samuwa ne saboda a can ciki, inda rana take da digiri miliyan 15, ƙwayoyin iskar haidurojin suna haɗewa su zama hiliyom. Ranarmu tana sarrafa kusan tan miliyan 600 na haidurojin kowace daƙiƙa, ta yi shekara biliyan 4.6 tana haka, kuma tana da guzurin wasu biliyan 5. Mira ta riga ta cinye nata na tsakiya. Da ya ƙare, tsakiyar ta matse, zafi ya hau har digiri miliyan 100, hiliyom ɗin da ya taru ya kama, ya koma kabon da oksijin. Shi ma ya ƙare. Yanzu a cibiyarta akwai dunƙulen kabon da oksijin wanda girmansa bai wuce na duniya da yawa ba, ba ya ci. A bayansa akwai ɓawon hiliyom, a bayan wannan kuma ɓawon haidurojin, su ne ke ci da tsananin ƙarfi. Zafinsu ne ya kumbura sauran jikin har ya kai girman da na faɗa. Da fuskar ta yi nisa da wutar, kuma zafin ya bazu a kan fili mai faɗi, sai ta huce ta yi ja. Duk da haka, saboda faɗin fuskar, hasken da take fitarwa gaba ɗaya ya ninka na rana kusan sau 9,000.

Wanda yake son ganin jar ƙatuwa ba tare da jira ba, ya dubi Dabaran, wanda masu lissafin taurarin shekara suke ambata bayan Surayya, wato Kaza da 'Ya'yanta. Shi ma tsohon tauraro ne da ya kumbura, faɗinsa sau 44 na rana, nisansa tafiyar haske ta shekara 65. Sai dai shi bai kai matakin Mira ba, haskensa a zaune yake.

To me ke sa ita take kumbura tana motsewa?

Ka lura da tukunyar da aka rufe tana tafasa. Tururi yana taruwa, ya ɗaga murfi, ya fice, murfin ya koma, tururi ya sake taruwa. Masanin Ingila Arthur Eddington ne ya fara kawo shawarar cewa akwai irin wannan murfi a cikin taurari masu bugawa. A wani zurfi a jikin tauraruwar akwai shimfiɗar iska wadda idan an matse ta sai ta ƙara toshe hanyar haske maimakon ta buɗe. A irin Mira, haidurojin ne ke wannan aiki. Idan tauraruwar ta motse, shimfiɗar ta tare zafin da ke tasowa, zafin ya taru, ya tura duk abin da ke sama waje. Da jikin ya buɗe ya huce, shimfiɗar ta saki, zafi ya wuce, abin turawa ya ƙare, nauyi ya dawo da komai ciki. Sai a sake. Kwana 332 ɗin shi ne tsawon numfashi ɗaya. Jiki mai girma da sakayau a hankali yake bugawa, kamar yadda muryar tambari ta fi ta kalangu zurfi.

Amma numfashin ba sumul yake ba, domin jikin nata tafasa yake kamar talge, manyan dunƙulen iska mai zafi suna tasowa, masu sanyi suna nutsewa. Shi ya sa ba a taɓa samun zagaye biyu iri ɗaya. Wata shekarar cikar haskenta ta kai ta manyan taurarin da kowa ke gani ko a tsakiyar Sabon Gari, wata shekarar da ƙyar za ka tsinto ta. Hawan yakan ɗauki kusan kwana 100, saukar ta ninka haka.

A nan ne wurin da na fi son mai karatu ya tsaya, domin shi ne ya fi rikita mutane, har da ni kaina lokacin da na fara karanta labarinta. Masana suna auna hasken taurari da wani tsani da aka gada tun daga Girkawa, inda ƙaramar lamba take nufin haske mai yawa. Tazarar mataki 5 tana nufin ninki 100. Ido mai lafiya a ƙauye mai duhu yana kaiwa mataki na 6. Mira a cikarta takan kai mataki 3 da rabi, a shekara mai kyau har 2, a dushewarta ta gangara 9 ko 10. Tsakanin mafi hasken da aka taɓa gani da mafi duhu, ninkin ya haura 1,500. Kowa zai ɗauka wutar tauraruwar ce take kusan mutuwa. Ba haka ba ne. Idan aka auna duk ƙarfin da take fitarwa, sauyin bai wuce ninki biyu zuwa uku ba.

Ina sauran ya tafi? Idonmu ɗan yanki kaɗan yake gani na haske. Bayan ja akwai wani haske da ake kira infared, wanda fata ke ji a matsayin ɗumi amma ido ba ya kama shi. Garwashin da toka ta rufe misali ne, ba ka ganin ja, amma kai hannu ka ji. Tauraruwa mai sanyi irin Mira dama mafi yawan ƙarfinta a infared yake, ɗan abin da ya tsallako ɓangaren da muke gani ne kawai yake iso ga idonmu. Idan ta kumbura ta huce da digiri ɗari biyu ko uku, wannan ɗan rabon ya ƙara tsukewa sosai. Sannan ga dalili na biyu wanda ya fi ƙarfi. Da sararinta ya yi sanyi, ƙwayoyin titaniyom da oksijin sukan sami damar haɗuwa, su zama wani sinadari ɗan'uwan wanda ake sawa a farin fenti da man kare fata daga rana. Wannan sinadari yana shanye hasken da ido ke gani da ƙarfin gaske, amma yana barin infared ya wuce. Sai ya zama tauraruwar ta yafa wa kanta mayafi. Lokacin da muka rasa ta a sama, a lokacin ne ta fi girma. Lokacin da ta fi haske a idonmu, ta motse ne, ta yi zafi, mayafin ya wargaje.

Mutumin Kano bai kamata wannan ya yi masa wuyar ganewa ba. A tsakiyar hunturu, ranar da ƙura ta sauko sosai, kana iya duban rana da hantsi ido da ido, ta zama kamar farin faifai. Ranar ba ta rage komai ba, abin da ya shiga tsakani ne. Bambancin kawai, ƙurarmu iska ce ke kwaso ta daga Sahara, daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ita kuwa Mira da kanta take ƙera tata. Irin wannan ne ya faru da Betelgeuse, jan tauraron da ke kafaɗar ƙungiyar taurari ta Jauza'u, daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020, har aka yi ta yayata cewa zai fashe. Daga baya aka gano ƙura ce da ya fitar ta tare shi. Sai dai shi ajinsa daban, ya ninka rana nauyi fiye da sau goma, kuma da fashewa zai ƙare. Mira ba za ta fashe ba, zubewa take a hankali.

Kowane bugu yana jefa iska nesa da jikinta, inda sanyi ya isa ta daskare ta zama ƙwayoyin ƙura. Hasken tauraruwar ya tura ƙurar, ƙurar ta ja iska, su tafi ba dawowa. An ƙiyasta tana zubar da nauyin duniya guda duk shekara 10 ko makamancin haka. A 2007 wani tauraron ɗan'adam na hukumar NASA mai suna GALEX, wanda ke ɗaukar hoto da hasken ultrabayolet, wani hasken da shi ma ido ba ya gani, ya gano abin da ba wanda ya zata a tauraruwar da aka shekara 400 ana kallo. Mira tana da wutsiya. Tana gudu a sarari da saurin kilomita 130 a daƙiƙa, abin da take zubarwa yana bin bayanta kamar ƙurar mota a hanyar burji, tsawonsa tafiyar haske ta shekara 13. Ƙarshen wutsiyar abin da ta zubar ne kusan shekara 30,000 da suka wuce.

Mu kan ce tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba. Waccan da karin maganar ke nufi dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura da ke zagaya rana, ba ta da alaƙa da wannan. Wutsiyar Mira kuwa, in dai za a kira wani abu alheri a sarari, ita ce. A cikin irin wannan ƙura akwai kabon da naitirojin da wasu sinadarai masu nauyi da aka dafa a cikin tauraruwa, kuma daga gajimaren da suka taru da ita ake samun sababbin taurari da duniyoyi. Kaso mai yawa na kabon da ke cikin gawayi da hatsi da jikin mutum ta hanyar tsofaffin taurari irin wannan ya biyo kafin a yi rana. Hujjar cewa girkin a cikinsu ake yi ta zo a 1952, lokacin da Paul Merrill ya ga alamar sinadarin teknetiyom a hasken wasu jajayen ƙattai. Wannan sinadari ba ya daɗewa, cikin 'yan miliyoyin shekaru yake rushewa, taurarin kuwa sun yi biliyoyi. Ba yadda za a yi su zo da shi tun haihuwa, dole a cikinsu aka yi shi, tafasar jikinsu ta kwaso shi zuwa fuska.

Ba ita kaɗai take ba. Tana da abokiyar zama, Mira B, wadda Robert Aitken ya tabbatar da ganinta a 1923, kuma na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauke su a rarrabe a 1995. Tazararsu ta kai kusan sau 70 na nisan duniya da rana. Akasarin masana suna ɗaukarta farin wada ce, wato dunƙulen da ya rage bayan tauraro ya gama zubar da jikinsa. Tana jan wani ɓangare na abin da babbar ke zubarwa. Makomar Mira ke nan a gefenta, kuma makomar ranarmu bayan biliyoyin shekaru. Idan ta gama tuɓe jikinta, cibiyar mai zafi za ta haska iskar da ta watsar na ɗan lokaci, sannan ta zauna tana hucewa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka bar wannan ilimi. Kakanninmu sun san sama. Manomi ya san shigar Haka'a da Han'a da Zira'a, ya san Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowace da kwanakinta da irin ruwanta. Matafiyi ya san Gamzaki, yara sun san Zara matar wata. Malamanmu na zaure sun karanta falaki don sanin lokutan salla da alƙibla, sun kuma bambance shi da duba. Ko sunayen taurarin da ke maƙwabtaka da Mira a ƙungiyar da Larabawa ke kira Ƙaiɗas, wato babban kifin teku, na Larabci ne har yau a littattafan Turai. Menkar, alal misali, daga minkhar ne, hanci. Yanzu yaro a birnin nan yana iya gama sakandare bai taɓa ɗaga kai ya ce ga tauraro kaza ba. Alhali Kano tana da abin da mutumin Jamus bai da shi. Muna digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Mira tana digiri 3 kudu, don haka takan hau har digiri 75 a samanmu, kusan tsakar ka, inda ƙura da hayaƙin janareta suka fi rauni. Fabricius a can ƙasa-ƙasa yake hango ta.

Kuma aikin lura da irin waɗannan taurari bai taɓa zama na manyan jami'o'i kaɗai ba. Ƙungiyar AAVSO da aka kafa a Amurka a 1911 tana tattara ma'aunin da masu sha'awa ke aikowa daga ko'ina a duniya, malaman makaranta da ma'aikata da tsofaffin da suka yi ritaya. Irin wannan doguwar lura ce ta nuna cewa wata 'yar'uwar Mira, R Hydrae, zagayenta ya ragu daga kusan kwana 495 zuwa kusan 385 cikin kusan ƙarni biyu, abin da ake dangantawa da tashin ɓawon hiliyom da ke cikinta. Babu na'ura ɗaya da za ta iya gano wannan, sai idanu masu yawa da haƙurin rubutawa.

Ga yadda za ka same ta. Daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan sallar isha'i, nemi Kaza da 'Ya'yanta, sannan Dabaran mai ja a kusa da ita. Dabaran yana bakin wani tsari na taurari mai kama da tsinin mashi. Bi inda tsinin ya nuna, wajen yamma da ɗan kudu, za ka iske Menkar, shi ma ja-ja ne. Ci gaba a kan layin da kamar rabin tafiyar da ka yi, nan ne gurbin Mira. Idan ba ka ga komai ba, ka zo daidai, tana cikin mayafi ne. Idan ta bi lissafin da ta saba, cikar haskenta za ta faɗo wajen ƙarshen Janairun 2027, sannan ƙarshen Disamban 2027, sannan ƙarshen Nuwamban 2028, duka a watannin da take sama da dare, ko da yake takan saɓa da mako biyu ko uku. Daren da ƙura ta lafa ya fi, musamman idan ka fita bayan gari ko ka hau wuri mai tudu kamar Dala ko Goron Dutse.

Ka riƙe littafi da biro. Sau ɗaya a mako ka rubuta kwanan wata, ka kwatanta ta da Menkar, wanda yake mataki 2 da rabi, ka ce ta fi shi, ko sun yi daidai, ko ta gaza. Idan ta gagari ido, ƙaramin madubin hangen nesa na hannu zai bi ta har wasu watanni. Hasken da zai shiga idonka ya yi kusan shekara 300 a hanya, ya baro ta tun kafin jihadin 1804. Ɗan ƙanwata, wanda yanzu ya zama saurayi, ya riga ya rubuta Janairun 2027 a bangon littafinsa.